Goɗiya a Hayaƙin Banda

Direban da ya ɗauko ni daga Kamba ya sauke ni a Koko, ya ce nan ne Yawuri. Na sauko da jakata, na yi masa godiya har da addu'ar Allah ya kai shi gida lafiya. Sai da motar ta ɓace na tambayi wata mai sayar da dafaffen rogo ina ne bakin ruwa, don an ce mini Yawuri a bakin kogi take. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ruwan da ta sani a garin nan shi ne na rijiya. Har yau in na tuna addu'ar da na yi wa mutumin nan sai haushi ya kama ni.

Ni 'yar Dogon Dutsi ce, a Nijar. Mahaifina dillalin dawaki ne, kuma bai samu ɗa namiji ba sai da ya fara furfura, saboda haka ni ce na tashi a barga. Na iya kwashe kashin doki kafin in iya tuƙa tuwo. Da na girma na yi aiki a Yamai, a wani wuri da 'ya'yan baƙi ke zuwa koyon hawa. Baƙin suka tattara suka bar ƙasar, wurin ya mutu, na koma gida na zauna. Ana nan sai wani kawuna mai fataucin albasa ya dawo daga Yawuri da labarin wata ƙungiya da ke neman macen da ta san doki, ta koya wa 'yan mata hawa da kiwo. An gaya masa akwai ginanniyar barga, da dawaki goma, da ɗakin malama har da fanka. Fankar ce ma ta fi burge kawuna.

Ina zaune a kan jakata a tashar Koko, ina hawayen takaici, sai wata dattijuwa mai komawa Shanga daga kasuwa ta tsaya a kaina.

"Ke baƙuwa ta?" in ji ta. "Wa yat taɓa ki?"

Na gaya mata. Ta kama hannuna ta tura ni cikin motar da za ta shiga, ta biya mini, ta ɓare ƙunshin ƙosai ta ɗora mini a cinya. Da muka kai inda za ta sauka, ta leƙa ta tagar direba.

"Wagga ɗiyata ta. Ka kai ta Yelwa cikin tasha. In kas sauke ta bisa hanya, ni da kai na, na san gidanku."

Ban tambayi sunanta ba, don lokacin bakina cike yake da ƙosai.

A Yelwa, babban garin ƙasar Yawuri, na sami ofishin ƙungiyar, ɗaki biyu a bayan wani shagon siminti. A bango an rataye ƙaton kyalle mai hoton 'yan mata a kan dawaki, suna dariya. Kallo ɗaya na yi wa hoton na san ba a ƙasar Hausa aka ɗauke shi ba, don bayan yaran akwai duwatsu masu ƙanƙara. Shugaban aikin, Malam Nasiru, wanda kowa ke kira Kodineta, ya tarbe ni da fara'a da ruwan sanyi. Mutum ne mai tsafta, mai ƙamshi, mai laushin murya. In yana magana sai ka ji kamar ya daɗe yana kewarka.

"Madam, sannu da hanya. Kin zo gida. Furogiram ɗin nan naki ne."

Na ce ina so in ga dawakin kafin rana ta faɗi. Ya ce ai dawakin suna Wara, a ƙasar Ngaski. Na ce bargar fa? Ya ce tana nan tafe. Na kwana a tabarma a ɗakin matar mai gadi, na yi ta juyi ina neman fankar kawuna a rufin kwano.

Da na isa Wara aka ce ba nan ba ne, sai gaba. Ɗan kabu-kabu ya goya ni a babur muka nausa ta cikin gonaki, har muka ɓullo a wata tungar masunta a bakin tafki. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Mu a Dutsi in tabki ya cika da damina, yaro zai jefa dutse ya tsallake shi. Wannan kuwa ba ya da ƙarshe, kuma yana motsi shi kaɗai. Na juya masa baya, na tambayi inda aka ɗaure dawakin.

Turke biyu na tarar a gindin wata bishiya kusa da ruwa. Ɗaya babu kowa. A ɗayan akwai goɗiya ja, doguwa, mai farin goshi, haƙarƙarinta duk a waje, ƙudaje sun yi mata lulluɓi. Dawaki goman ke nan. Mutanen tungar suka ce biyu aka kawo, namijin ya kumbura ya mutu watan jiya. Ban bukaci a gaya mini abin da ya kashe shi ba. Na ga tsando a duhuwar bakin ruwan da idona, ƙudan nan mai sa wa dabba ciwon sammore. Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar doki ya san ba a ɗaure shi a irin wannan wuri.

Na kira Kodineta a waya. Ya ce, "Madam, a fara da wannan. Sauran suna hanya. Wannan kuwa ta yaran ce, halak malak, ba mai taɓa ta."

Da akwai mota a tungar a ranar, da na juya. Amma kabu-kabun ya tafi, goɗiyar kuma ta sa hancinta a tafin hannuna tana shinshina. Daga lokacin na san aikina ɗaya ne a ƙasar nan, wato dabbar nan ta rayu. In ta mutu babu makaranta, babu dalilin zamana.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa mai bandar kifi, Inna Kulu. Bayan gidanta akwai jerin murhunan banda na ƙasa, nata da na maƙwabta, hayaƙi yana tashi tun daga asuba har magariba. Idona ya yi ta ruwa, ina tari, amma na lura da abu guda: ko ƙuda ɗaya babu a wurin. A bargar mahaifina ma da damina mukan tara ɗanyar ciyawa mu kunna don hayaƙin ya kori cizo. Na ce, "Inna, ki ba ni wuri nan bayan murhu in ɗaure goɗiyag ga."

Ta riƙe haɓa. "Ɗiyata, kihi muka bandawa nan, ba doki ba."

Amma da yamma ita da kanta ta kawo tabarya ta taya ni kafa turke.

Samun ɗalibai ya fi samun turke wuya. Tun da aka sace 'yan makaranta a Birnin Yawuri, ba uwar da ke son ɗiyarta ta yi nisa da ƙofar gida, balle a ce wata baƙuwa daga wata ƙasa za ta tara 'yan mata. Inna Kulu ta yafa mayafi ta bi ni gida gida. Wanda ya fi ba ni wahala ɗanta ne, mahaifin jikarta Saratu. Yana zaune yana ɗinkin raga, bai ko ɗago kai ba.

"Malama, mu jirgi munka gada, ba doki ba. Waɗanga mutane na birni sun zo da keken ɗunki, sunka ɗau hoto, sunka kwashe abinsu. Sun zo da kaji, haka. Yanzu kuma doki. Yarinya ta saba da abu a ɗauke, mi anka yi?"

Na dafa ƙirji na ce wannan karon ba haka ba ne. Na ce goɗiyar ta yaran ce, ba inda za ta, ni na tsaya. Maganar da aka gaya mini a waya ita na ɗauka na raba wa mutane gida gida da bakina.

'Yan mata sama da ashirin suka zo, goɗiya ɗaya. Ranar farko na ga abin da ban taɓa gani ba a rayuwata ta barga. Duk wadda za ta matso sai ta zagayo ta baya, ta wajen wutsiya, don ta nan ake shiga jirgi. Na yi ta ihu har muryata ta dushe. Na ce su ba goɗiyar ruwa, na juya in ɗauko dusa, kafin in dawo sun ja ta cikin tafki har gwiwa, sun kafa gora a laka sun ɗaure ta, suna cuɗa ta da yashi kamar cikin kwale-kwale. Da aka zo riƙon linzami kuwa, kowacce sai ta ja dama, ta ja hagu, ta ja dama, wai tana tuƙi. Su ne suka raɗa mata suna Giwa, ba don giwar daji ba, don giwan ruwa, kifin da ya fi kowanne girma a tafkin.

Amma fa in suka hau, sai in yi shiru. Yarinyar da ta tashi tana tsayuwa a bakin kwale-kwale ana iska, bayan doki wasa ne a wurinta. 'Ya'yan masu kuɗin da na koya wa a Yamai sukan yi wata guda suna zamewa kamar buhu. Waɗannan cikin kwana kaɗan ƙugunsu ya gane tafiyar dabbar. Saratu ta fi kowa. 'Yar siririya ce, ba ta wuce shekara goma sha uku ba, ba ta da yawan magana. Ita ce ta fara iya ɗaga kofato ta share, ita ta fara gane cewa in kunnuwan Giwa suka kwanta baya to a ja da baya. Kafin in idar da sallar asuba ta riga ta kwashe kashi ta jiƙa dusa da kanwa.

Su kuma suka sa ni gaba da tsiya. Ba na iya cin kifi sai ƙaya ta maƙale mini, Inna Kulu ta yi ta dukan bayana tana cewa, "'Yar Nijar, ke dai an yi asarar baki." Ba na shiga jirgi, ba na wanka a tafki, in na ji ƙarar ruwa da iska sai in shige ɗaki. Kewar gida ta dame ni ƙwarai. Ina kewar busasshiyar ƙasa mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, da furar Innata mai yaji, da warin bargarmu. Wata rana Inna Kulu ta same ni ina kuka a bayan murhu, na ce hayaƙi ne. Washegari ta aika Wara aka sayo gero da nono, ta dama mini fura. Ba ta yi kama da ta gida ba ko kaɗan, ta yi ruwa, ba yaji. Na shanye ta tas.

Giwa ta murmure. Haƙarƙarin ya ɓuya, gashinta ya kwanta yana sheƙi. Matan tunga suka riƙa kawo harawar wake daga gonakinsu, maza suna yanko mata ciyawa daga tudu. Gaskiya ne tana warin bandar kifi tun daga geza har wutsiya, in ta wuce kyanwoyin tunga har binta suke yi. Wannan bai dami kowa ba. Da yamma Saratu takan sake ta a kan tudun bayan gari, ta yi sukuwa, mayafinta ɗaure a ƙugu, mahaifinta yana leƙe daga bayan raga yana yi kamar ba ya kallo.

Duk tsawon watannin nan Kodineta bai taka tungar ba. Sai ga shi wata safiya a mota, da kafinta da gwangwanayen farin fenti. Ya ce manyan baƙi za su zo daga Abuja, har da Turawa, su ga furogiram. Ya zagaya bayan murhu, ya toshe hanci da hankici.

"Haba Madam! Nan za mu kawo baƙi? Doki yana warin kifi?"

Ya sa kafinta ya kafa farin shinge a gindin bishiyoyin bakin ruwa, daidai inda na fara tarar da Giwa, inda namijin ya mutu. Ya ce wurin ya fi kyau a hoto, ga kore ga ruwa. Ya ce a mai da ita can tun yanzu, ta yi mako guda tana shan iska warin ya fita.

Na ce, "Ranka shi daɗe, tsando na nan wurin. Shi yak kashe ɗayan."

Da a ce bai sani ba ne, da na yafe masa. Murmushi ya yi. "Madam, ni ma a gidan dawaki na tashi, kakana har barga gare shi. Na san tsando. Mako ɗaya ba ya kashe doki."

Na ce to a kai ta ranar da baƙin za su zo kawai. Ya ce warin ba zai fita ba. Na ce a sayo allurar riga-kafi. Ya ce bayan baƙi sun tafi. Na ce ban yarda ba, ba da hannuna ba. Sai muryar nan mai laushi ta ƙara laushi, ya tuna mini cewa ni baƙuwa ce a ƙasar, kuma dokin ƙungiya ne. Wato ta yaran ce halak malak har zuwa ranar da ya bukace ta. Ya sa aka kwance ta aka kai can, ya kawo mai gadi daga Wara ya zaunar a bakin shingen. Ni da Saratu muka tara ɗanyar ciyawa za mu yi mata hayaƙi, mai gadin ya watsa da ƙafa, ya ce an ce kada farin fenti ya yi baƙi.

Makon nan 'yan matan suka raba kansu, wasu da safe wasu da rana, suna tsaye da ganyen dogon yaro suna kore mata ƙuda. Amma tsando ba ƙudan gida ba ne. Ta ƙarƙashin ciki yake shiga, da tsakanin cinyoyi, kafin ka gan shi ya sha ya tashi. Ina ganin ɗigon jini a fatarta ina haɗiye zuciya.

Ranar da baƙin suka zo, wata ƙaramar bas ta riga su isowa da 'yan mata daga Yelwa, 'yan makarantar kuɗi masu jin Turanci. Su aka sa wa sababbin riguna da huluna masu tambarin ƙungiya. Su aka riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ana ɗorawa a kan Giwa, suna ƙanƙame geza suna murmushin tsoro, ana ɗaukar hoto. Ɗalibaina, waɗanda suka kwashe kashinta wata da watanni, aka jera su a baya su yi tafi. Saratu an ba ta aikin riƙe ragama, aka ce ta sunkuya kada ta fito a hoton. Ban ga laifin yaran Yelwa ba, su ma kawo su aka yi. Amma wallahi ranar na ji kamar in kama farin shingen nan in kakkarya.

Kodineta ya gabatar da ni a matsayin ƙwararriya daga ƙasar waje, ya ce in yi jawabi shi zai fassara. Ba na jin Turanci. Na gwada Faransanci, baƙin suka girgiza kai suna murmushi. Sai na faɗa da Hausa, da ƙarfi, kowa na tunga yana ji. Na ce goɗiya ɗaya ce tak, an ɗaure ta inda ƙuda zai kashe ta, kuma yaran da suka iya hawa ga su can a baya ba takalmi. Kodineta ya saurara yana gyaɗa kai, ya juya ya yi dogon Turanci da hannu a ƙirji. Baƙin suka tafa. Wata Baturiya ta taso ta rungume ni, idonta har da ƙwalla.

Kafin la'asar sun tafi, da bas ɗin, da rigunan, da hulunan. Shingen ma washegari aka zo aka cire. Muka mai da Giwa bayan murhu.

Ba a yi sati biyu ba ta daina cin dusa. Jikinta ya yi zafi, idanunta suna zubar da ruwa, ƙafafun baya da ƙasan ciki suka kumbura. In ta yi taku sai ƙugunta ya yi layi. Na kira Kodineta, waya tana shiga ba ya ɗauka. Da ya ɗauka ya ce yana taro. Inna Kulu ta ɗauki kwando ta bi murhu murhu, kowace mace ta zuba bandar kifi daga nata. Mahaifin Saratu ya ce hanyar ruwa ta fi sauri zuwa kasuwar Wara. Ranar na fara shiga jirgi a rayuwata. Na zauna a tsakiya na rungume kwandon, idona a rufe, ina karanta duk abin da na haddace, shi kuwa yana tuƙi yana cewa, "Malama, buɗe ido, ko agwagwa ba ta nutsewa nan." Muka sayar da kifin, na sayi allurar sammore wurin mai maganin dabbobi, na dawo na yi mata da hannuna.

Saratu ta tare a bayan murhu. Tana jiƙa tsumma tana goge mata jiki, tana dama dusa ruwa-ruwa tana ba ta a tafin hannu. Kwanaki Giwa tana kau da kai. Sai wata safiya na ji yarinyar tana ƙwala mini kira, "Malama! Malama, ta ci!" Na fito da gudu ba ɗankwali. Ta ci kuwa. Kumburin ya fara saɓewa, ta fara kaɗa wutsiya. Na san ciwon, na san ba a gama ba, amma na ga dawakin da suka fi ta jin jiki sun tashi. Wata guda na hutu da hayaƙi da harawa take bukata, ba ƙari.

Ana haka, da hantsi, wata babbar mota mai shingen katako ta shigo tunga. A bayanta akwai jakuna da wasu ramammun dawaki biyu, kawunansu a sunkuye. Ni 'yar dillali ce, na san motar. Masu sayen gajiyayyun dabbobi ne, su kai kudu a yanka. Mutum uku suka sauko da igiya, babbansu ya ce an sayar masu da goɗiya ja.

Na kira Kodineta. Wannan karon bugu ɗaya ya ɗauka.

"Madam, ki yi haƙuri. An ce mini ba ta da lafiya, gara a rage asara. Ai wannan zangon furogiram ɗin ya ƙare, kuma an yaba ƙwarai. Zango na gaba sabulu za mu koya masu."

Ban san duk abin da na gaya masa ba. Na san dai na ce Allah ya isa, na maimaita, har na lura ya daɗe da kashe wayar. Na tsaya a gaban turke na ce sai dai su bi ta kaina. Mai gari ya zo, dattijo mai kunya, ya ce shi ma an kira shi, dabbar ba ta tunga ba ce, ba shi da ikon hanawa. Mazan gari duk suna kan ruwa. Ɗaya daga cikin mutanen ya ture ni gefe kamar kayan wanki, ya kwance ta.

Sun jingina katako a bayan motar, amma Giwa ta ƙi hawa. Ta ji warin abin da ke ciki. Ta kafe ƙafafun gaba, jikinta yana rawa. Ɗaya yana ja ta gaba, biyu suna dukanta ta baya da gora, a kan ƙugun nan da bai gama warkewa ba. Ta durƙusa, suka tashe ta da duka. Ta sake durƙusawa. Matan tunga suna salati, 'yan matan suna kuka, ni an rirriƙe ni ina zagi da Hausa da Faransanci da duk abin da ya zo bakina.

Sai Saratu ta ratsa ta tsakiyarsu. Ba ta kuka.

"Ku bar bugun ta," in ji ta. "Ku ba ni."

Babban ya dube ta, ya dubi goɗiyar, ya sakar mata ragamar. Ta tsaya a gefen kafaɗar hagu, inda ya kamata. Ta bari dabbar ta huta, ta shafa wuyanta har rawar jikin ta lafa, tana yi mata magana ƙasa ƙasa. Ba ta ja ba. Ta taka katakon ita da kanta, ta jira. Giwa ta ɗaga kai ta shinshina bayanta, ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu, ta bi ta har ciki. Ko a Yamai ban ga wanda ya hau da doki mota da kyau haka ba. Wata da watanni na yi ina koya wa yarinyar nan yadda dabba za ta amince da ita, ga inda aka yi amfani da shi.

Mutanen suka zura tasu igiyar, suka cire ragamar suka jefo ƙasa. Saratu ta sauko ta ɗauka ta kaɗe ƙasar. Motar ta tashi.

Da yamma mahaifinta ya dawo daga ruwa. Na je na durƙusa a gabansa, don ni na dafa ƙirji a gidansa. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Tashi, Malama. Ke ma baƙuwa ta, ke ma an yi maki."

Kwana biyu bayan haka na ɗaure jakata. Inna Kulu ta cusa mini ƙunshin bandar kifi, ta ce in kai wa Innata, ta cire mini ƙayar da kanta tunda ni ban iya ba. Ina jiran kabu-kabu a bakin hanya sai ga Saratu da ragamar a hannu, ta wanke ta ta shafa mata mai.

"Malama, can ƙasarku in doki yat tahi, mi a ka yi da ragama tai?"

Na ce, "Rataye ta a ka yi, har wani shi zo."

Ta juya ragamar a hannunta, ta dubi hanyar da motar ta bi, ta dube ni.

"To nan wa ka kawo wani?"

Na buɗe baki zan ce ni. Na riga na yi wa mutanen tungar nan alkawari sau ɗaya. Na rufe bakina, kabu-kabun ya iso, na hau.